Yadda Ake Zaɓa wa Yaro Kilarinet ta Koyo a Birnin Zariya

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Zazzau ya san busa. Ranar Sallah, tun daga filin Idi na Ƙofar Doka har ƙofar fada, algaita da kakaki ne ke shaida wa jama'a Sarki na tafe. A wajen ganuwa kuma akwai busar badujala. Difon horar da kuratan soja yana Zariya tun 1924, makarantar sakandaren soja kuma tun 1954, ga makarantu da majami'u masu ƙungiyoyin mabusa. A nan ne yara ke ganin baƙar sarewar nan mai maɓallai masu ƙyalli, wato kilarinet, wadda aka ƙirƙiro a birnin Nuremberg na Jamus wajen shekarar 1700. Idan ɗanka ko 'yarka ta nuna sha'awa, ga hanyar da za ka bi kuɗinka ya yi amfani.

Mataki na 1: Nemi malami kafin ka nemi kaya

Fara da mai koyarwa. Tuntuɓi shugaban badujalar makarantar yaron, ko wani tsohon mabushin soja ko na 'yan sanda da ya yi ritaya. Shi zai gwada yaron, shi zai raka ka ciniki, kuma shi ya san inda ake gyara. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin kilarinet na da ƙananan sassa masu yawa, kuma maɓalli ɗaya in ya lanƙwashe sai busa ta tsaya. In akwai ta aro a makaranta, bari yaron ya yi zango guda da ita, a ga ko sha'awar mai ɗorewa ce.

Mataki na 2: Duba ko jikin yaron ya kai

Abu uku ake dubawa. Na farko haƙora: sai haƙoran gaba na sama sun gama fitowa bayan famfara, saboda a kansu bakin kilarinet ke dogara. Na biyu yatsu: dole tafin kowane yatsa ya rufe raminsa ruf, kuma ɗan ƙaramin yatsa ya kai maɓallan ƙasa ba tare da miƙewar wahala ba. Na uku babban yatsan dama, wanda shi ke ɗauke da nauyin duka. Yawanci yaro kan kai wannan matsayi tsakanin shekara 8 zuwa 10. In nauyin ya yi masa yawa, akwai igiyar ratayawa a wuya.

Mataki na 3: San irin wadda za ka tambaya

Kilarinet iri-iri ce, amma ta koyo ita ce mai muryar Bb, ƙirar Boehm, mai maɓalli 17 da zobe 6. Rubuta wannan a takarda ka tafi da shi. Wannan ƙira ta fito ne daga Faransa wajen 1840, kuma da ita ake rubuta galibin littattafan koyo. A cikin kayan gwanjo akan ci karo da ƙirar Jamus ko tsohuwar ƙirar Albert. Tsarin yatsunsu daban ne, za su rikita yaron da malaminsa. Buɗe akwatin ka ƙirga gaɓa biyar: baki, gajeriyar gaɓar da ke bin sa, gaɓar sama, gaɓar ƙasa, da buɗaɗɗen gindi.

Mataki na 4: Zaɓi ta roba, bar ta itace

A nan ne yanayin garinmu ke yanke hukunci. Manyan mabusa na amfani da ta itace, wadda ake sassaƙawa daga wani baƙin ice mai tauri da ake sarowa a Tanzaniya da Mozambik. Muryarta na da daɗi, amma ba ta jure hunturun Zariya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska kan bushe ƙamas. Yaro na hura numfashi mai ɗumi da laima ta ciki, waje kuma a bushe da sanyi, sai cikin icen ya kumbura, bayansa ya tsuke, ya tsage. Da damina ta sauka kuma gaɓoɓin su kumbura su ƙi rabuwa. Ta roba mai ƙarfi, wadda ake rubuta wa ABS, ba ruwanta da wannan, ga rashin nauyi, ga jure faɗuwa. Daga cikin sanannun na koyo akwai Yamaha YCL-255, da Buffet Crampon Prodige, da Jupiter JCL700.

Mataki na 5: Sabuwa ko ta hannu

Sayen nagari mai da kuɗi gida. Ta hannu daga sanannen kamfani, in an kula da ita, ta fi sabuwa dal marar suna. Masu arahar nan, musamman masu launin ja ko shuɗi, ƙarfen maɓallansu laushi gare shi, yana lanƙwashewa da wuri, kuma ba a samun kayan gyaransu. Yi hattara da jabu: duba tambarin kamfani ko an zana shi da tsabta, sannan ka nemi lambar da aka buga a jikin gaɓar. In lambar na kan gaɓar sama da ta ƙasa, to su zama iri ɗaya, don kada a haɗa maka rabin wata da rabin wata. Yawancin irin wannan kaya daga Legas ake kawo su, musamman kasuwar Alaba, kuma farashinsu na bin dala. In ta intanet za ka saya, kada ka biya duka sai ta iso hannu an gwada, kuma a yi sharaɗin mayarwa a rubuce a jikin rasit.

Mataki na 6: Gwaji kafin a sallama

Kada kunya ta hana ka bincike a gaban mai kaya.

Ɗaga kowace gaɓa ka leƙa cikinta a haske, ka nemi tsaga ko karaya, musamman wajen mahaɗa.

Danna kowane maɓalli. Ya sauka ba tare da maƙalewa ba, ya dawo da kansa nan take.

Duba ƙananan matasan da ke ƙarƙashin maɓallai, masu toshe ramuka. Wanda ya yage, ko ya bushe, ko ƙwari suka ci, zai riƙa zubar da iska.

Ɗauki gaɓar sama ita kaɗai, ka rufe ramukanta da yatsu, ka toshe ƙasanta da tafin hannu, ka zuƙi iska ta sama. In ta kama leɓenka, lafiya lau. In iska na shiga, akwai yoyo.

Haɗa gaɓoɓin. Su shiga da ɗan ƙarfi kaɗan, ba girgiɗi. Ɓawon da aka naɗe a mahaɗa ya kasance bai ɓare ba.

Daga ƙarshe malamin ya busa ta daga murya mafi kauri zuwa mafi siriri, yana auna daidaiton sauti da manhajar waya. Muryoyi masu kaurin su ne ke tona asirin mai yoyo. Sannan a ba yaron ya riƙe.

Mataki na 7: Kada ka manta da harshe

Sautin yana fitowa ne daga wani ɗan siririn harshen kara da ake ɗaurewa a baki, wanda mabusa ke kira rid. Algaita harshe biyu gare ta, kilarinet ɗaya. Ana sayar da shi cikin kwali mai guda 10, da lambar tauri a jiki. Mai koyo ya fara da 1½ ko 2, daga baya ya hau 2½. Na kamfanonin Rico da Vandoren su ne sanannu. Sayi kwali guda tun farko, domin yara na fasa shi da yawa. Haɗa da man shafa mahaɗa da ƙyallen goge ciki. In bakin da ya zo da ita bai da kyau, Yamaha 4C ya wadatar.

Mataki na 8: Riƙo a gida

Koya wa yaron ya kurkure baki kafin busa, ya jiƙa harshen na ɗan lokaci, musamman da hunturu. In ya gama ya cire harshen ya goge, ya zura ƙyalle cikin kowace gaɓa, ya mayar akwati ya rufe saboda ƙura. Kada a bar ta a rana ko cikin mota da bazara, zafi na narkar da gam ɗin da ke riƙe da matasan. Kada ƙanne su yi wasa da ita, kuma kada a yi aron baki. A ja masa kunne kan kumbura kumatu irin na mai algaita: wancan fasaha ce ta daban, kilarinet kuwa kumatu a tsuke take so.

Gidajen cikin birni a manne suke da juna, don haka a tsayar masa da lokacin da bai ci karo da salla, ko karatun allo, ko barcin maƙwabta ba. Minti 15 zuwa 20 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Makonnin farko za a sha ƙara marar daɗi, kowane mabushi ta nan ya bi. Ka zauna ka saurare shi ko sau ɗaya a mako, kuma ka kai ta wurin mai gyara sau ɗaya a shekara. In aka kiyaye haka, za ta kai shi ƙarshen sakandare, ƙaninsa ma ya gada.