Yadda Ake Haɗa Hotuna Da Leya A Waya Ba Tare Da An Sake Aiki Daga Farko Ba

Duk wanda ya fara karɓar aikin haɗa hotuna a waya ya san irin wannan saƙon: ka gama aiki ka tura, sai mai aikin ya ce a cire hoton tsakiya a sa wani, ko ya ce lambar wayar da aka rubuta ba ita yake amfani da ita yanzu ba. Idan ka riga ka narkar da komai ya zama hoto guda, babu yadda za ka yi sai ka koma farko, kuma ba wanda zai biya ka kuɗin aiki na biyu. Maganin wannan shi ne aiki da leya, kuma a kansa darasinmu na yau zai tsaya.

Ka san farar ledar nan mai kauri da ake sa wa a bangon littafi a shagon fotokwafi, wadda ake hango rubutun da ke ƙarƙashinta? Ka ɗauka kana da irinta guda goma. Ka manna hoto a kan ɗaya, ka yi rubutu a kan wata, ka shafa launi a kan ta uku, sannan ka ɗora su bisa juna. Mai kallo daga sama hoto ɗaya zai gani, amma kai ka san kowane abu yana kan ledarsa, za ka iya zare ɗaya ka bar sauran. Kowace leda a nan ita ce leya. Ta sama tana rufe ta ƙasa a inda take da zane, inda kuma babu komai a kanta sai ta ƙasa ta bayyana. Dabarar ma ta girmi kwamfuta. A da, masu yin fim ɗin zane a Amurka sun daɗe suna zana mutum a kan takardar roba mai haske su ɗora ta a kan bango guda, kuma Earl Hurd ya yi wa wannan hanya rajista tun 1914. Photoshop bai samu leya ba sai a sigarsa ta 3.0 a shekarar 1994.

Zan yi bayanin da ibis Paint X, manhajar wani kamfanin Japan da ake saukewa kyauta a Android da iPhone. An yi ta ne don masu zane, amma tsarin leyarta cikakke ne, ya fi na yawancin manhajojin haɗa hoto. PixelLab da Picsart su ma suna jera abubuwa bisa juna, don haka fahimtar da za ka samu a nan za ta yi maka amfani a can.

Aikin da za mu gwada da shi: wani tela yana son tallan ɗinkin Sallah da zai sa a sitatus na WhatsApp. Ya ba ka hotunan kaya uku, da hoton ƙaninsa tsaye sanye da babbar riga, da sunan shago da lambar waya.

Girman allo

Kafin komai ka zaɓi girman allon aiki. Don sitatus, ka sa faɗi 1080, tsawo 1920. Kada ka ce bari ka zaɓi mafi girma don ya fi kyau. Kowace leya tana da girman allon gaba ɗaya, kuma kowane fiksel yana cin bayit 4: ja, kore, shuɗi, da na huɗu mai riƙe da yadda ake hango abin da ke baya. Idan ka lissafa, leya ɗaya a allon sitatus ta kai kusan MB 8. A allon takardar A4 da za a buga, mai 2480 da 3508, leya ɗaya ta kusa MB 35. Aikinmu zai ci leya goma sha wani abu, ka ga wayar da RAM ɗinta bai wuce GB 2 ko 3 ba za ta ɗauki na farko cikin sauƙi, amma na biyu zai sa ta fara nauyi. Sai in an ce maka za a buga a takarda ne za ka buɗe babban allo.

Da allon ya buɗe, duba ƙasa ta dama za ka ga alamar takardu da lamba a kai. Nan ne jerin leyoyinka. Alamar ƙari tana buɗe sabuwar leya, alamar kyamara tana shigo da hoto daga waya, alamar ido tana ɓoye leya ko ta bayyana ta, layuka uku da ke gefen kowace leya kuma da su ake jan ta sama ko ƙasa. Leya ta ɗaya ka cika ta da launi guda, wannan shi ne bango. Ka zaɓi launi mai sanyi. Shadda da atamfa suna da nasu adon, in bango ma ya cika hayaniya ido ba zai san inda zai tsaya ba.

Tagogi uku

Yawancin masu farawa yanke hoto suke yi da magogi har ya zama murabba'i. Akwai hanyar da ta fi wannan. Ka buɗe sabuwar leya, ka zana murabba'i cikakke da baƙin launi a inda kake son hoton farko ya zauna. Kayan zana siffofi yana cikin alamar hannu da ke saman allo. Wannan murabba'in shi ne taga. Yanzu ka shigo da hoton kaftani a leyar da ke samansa kai tsaye, ka daidaita shi da yatsu biyu, ka danna alamar amincewa. Manhajar za ta tambaye ka ko ta mayar da hoton zanen layi, ka danna Cancel. Sai ka danna maɓallin da aka rubuta Clipping a ƙasan jerin leyoyi.

Nan take hoton zai ɓace ko'ina sai a cikin murabba'in. Ba a yanke shi ba, yana nan yadda yake, tagar ce kawai ke nuna wani sashe nasa. Kana iya matsar da shi har wuyan rigar da aikin zaren su zo tsakiya. In tela ya ce a canza, ka goge leyar hoton ka shigo da wani, tagar tana nan ba ta motsa ba.

Ka maimaita haka sau biyu, kowace taga da leyarta. Kada ka zana tagogin uku a leya ɗaya don rage aiki, domin hoton da ka liƙa zai leƙo ta dukkansu.

Abu ɗaya da ya kamata ka kiyaye a ibis Paint: da zarar ka amince da zaman hoto, duk sashen da ya fita wajen allo ya tafi ke nan. Haka kuma in ka ƙanƙanta hoto ka amince, daga baya ka sake buɗa shi, zai dushe, saboda fiksel ɗin da aka zubar ba sa dawowa. In kana son ya ƙara girma, gara ka sake shigo da shi daga waya.

Cire mutum daga bayansa

Nan ne aikin yake, kuma nan ake gane wanda ya iya. Hoton mai babbar riga an ɗauke shi ne a ƙofar shago, ga babur a baya ga bango mai tsattsage. Shi kaɗai muke so. Akwai manhajoji masu cire baya da kansu, suna kuma ƙoƙari, amma sukan ci gefen hula ko hannun riga, musamman in launin rigar ya yi kusa da na bango. In kuwa da magogi ka bi hoton kansa, duk inda hannunka ya zame ka ci riga, kuma sai bayan ka yi nisa za ka lura.

Dabarar tagar nan ita za mu sake yi. Ka buɗe sabuwar leya a saman tagogin, ka cika ta gaba ɗaya da baƙi. Ka shigo da hoton mutumin a samanta, ka danna Clipping. Hoton zai fito cikakke, tunda tagar ta game allon. Yanzu ka koma kan baƙar leyar, ka tabbata ita ce a zaɓe, ka ɗauki magogi ka fara goge kewayen mutumin. Duk inda ka goge baƙin, bayan hoton zai ɓace a wurin. In ka wuce gona da iri ka ci gefen riga, ka ɗauki buroshi ka mayar da baƙin a wurin, rigar za ta dawo. Ko bayan kwana uku ka ga kuskuren, gyaransa na minti ɗaya ne, don ainihin hoton ba a taɓa shi ba.

Ka fara da babban magogi ka kwashe nesa da jiki, sannan ka rage girmansa ka buɗa allon sosai da yatsu biyu ka bi gefe a hankali. Buroshin da za ka mayar da baƙi da shi ya zama mai cikakken ƙarfi, in ba haka ba wurin zai fito shara-shara ana hango bango ta cikin riga. Taɓa allo sau ɗaya da yatsu biyu yana janye abin da ka yi na ƙarshe. Kada ka manta da ramukan ciki: tsakanin hannu da jiki, da tsakanin ƙafafu. Idan ka ga ka gama, ka canza launin bango zuwa mai duhu na ɗan lokaci. Duk wani farin zare da ya rage a gefen jiki zai fito fili. Ka shiga cikin jikin da kamar fiksel ɗaya ko biyu ka cinye shi.

Mutumin da aka ciro yakan yi kama da an manna shi da gam, dalili kuwa rashin inuwa. Baƙar leyar nan yanzu siffarsa ce sak, don haka ka kwafe ta, ka ja kwafin zuwa ƙarƙashin ta asali. Ka lura kada kwafin ya tsaya tsakanin hoton da tagarsa, sai liƙin ya koma kansa. Ka ɗan matsar da kwafin gefe, ka sa masa tacen Gaussian Blur don gefensa ya yi laushi, ka rage ƙarfin bayyanarsa zuwa kashi 30 ko 40 cikin ɗari da sandar da ke ƙasan jerin. Ka duba fuskar mutumin tukuna: in haske ta hagu ya buge shi, inuwa dama za ta faɗi.

A kan gyaran launi, ra'ayina shi ne ka tsaya a haske da duhu kawai, ka daidaita hotunan uku kada ɗaya ya yi rana ɗaya ya yi magariba. Kada ka taɓa ainihin launin yadi. Mai saye zai zo shago da hoton a hannu yana neman wannan ruwan tokar da ya gani, in ya tarar da wani launi daban tela ne zai sha kunya. Haka nan ka tambayi tela ko mutanen da ke cikin hotunan sun yarda a sa su a talla, musamman in akwai mata. Idan ba su yarda ba, ka matsar da hoton cikin taga yadda kayan kaɗai za su fito.

Rubutu

Sunan shago a leyarsa, lambar waya a tata, farashi in akwai shi ma a tasa. Su ne abubuwan da aka fi cewa a canza. In rubutun ya faɗa kan hoto mai ado ba ya karantuwa, ka buɗe leya tsakaninsu ka shafa baƙi mai laushi a wurin, ka rage ƙarfinsa har rubutun ya fito.

Da yawa daga salon haruffan da ke cikin waɗannan manhajoji ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Wani zai nuna akwati a wurinsu, wani kuma ya aro harafin daga wani salo ya fito bambaraƙwai a tsakiyar kalma. Kafin ka zaɓi salo, ka kunna Hausa a Gboard ka rubuta "ɗinki" da "ƙwarai" da "ɓangare" ka gani. Sannan ka bar fili sama da ƙasan allo, domin WhatsApp yana ɗora sunan mai sitatus a sama da wurin ba da amsa a ƙasa, lambar da ka sa a can gindi za ta shige ƙarƙashinsu.

A cikin jerin akwai maɓallin da ke narkar da leya cikin ta ƙasanta. Kada ka taɓa shi don kawai jerin ya yi tsawo. In leyoyin sun fara rikita ka, ka ba su suna.

Adanawa

Abu biyu za ka adana. Na farko shi ne hoton da za ka tura, PNG ko JPEG, wanda duk leyoyin sun zama ɗaya a cikinsa. JPEG ba ya riƙe wurin da babu komai, yana cike shi da launi. Saboda haka in tela ya ce ka ba shi mutumin kaɗai ba bango, ka rufe idon sauran leyoyin ka zaɓi Transparent PNG. Wajen turawa ta WhatsApp ka tura shi a matsayin fayil, domin in ka tura a matsayin hoto za a matse shi, gefen rubutu ya yi dishi-dishi.

Na biyu shi ne aikin kansa da leyoyinsa. Yana zaune ne a cikin manhajar, ba a cikin hotunan wayarka ba, don haka ranar da ka cire manhajar ko ka share bayananta don samun fili, ya tafi. Daga My Gallery ka zaɓi aikin ka fitar da shi a matsayin fayil ɗin IPV, ka ajiye a Google Drive ko ka tura wa kanka. Ana kuma iya fitar da shi a matsayin PSD, wanda Photoshop da Photopea suke buɗewa da leyoyinsa a kwamfuta. Ka sa wa fayil ɗin sunan shagon da shekarar, domin in Babbar Sallah ta matso telan zai dawo da sababbin hotuna uku, kuma tagoginsu suna nan a buɗe.