Darasin Lissafin Kasuwanci: Yaushe Haɗurra Biyu Ke Cin Gashin Kansu?

A ilmin lissafin yiwuwa, ana cewa al'amura biyu suna cin gashin kansu idan aukuwar ɗaya ba ta ƙara ko rage yiwuwar aukuwar ɗayan. Duk mai rarraba jarinsa domin gudun asara yana bukatar sanin yadda ake gane haka.

Hanyar gwajin ita ce ninkawa. A ce wani attajiri yana tura motoci biyu daga Kano kowane mako, ɗaya Legas, ɗaya Maiduguri, kuma kowace takan makara sau 1 cikin 10. Idan babu abin da ya haɗa su, yiwuwar su makara tare ita ce 1/10 sau 1/10, wato 1 cikin 100.

Daga nan sai ya duba littafinsa. A makonni 200, kowace mota ta makara sau 20, saboda haka lissafi ya nuna za su makara tare kamar sau 2. Idan haka ya tarar, babu alamar alaƙa. Amma idan ya tarar sau 12 ne, to akwai igiyar da ta ɗaure su, wataƙila ƙarancin man dizal. Ke nan duk makon da motar Legas ta makara, yiwuwar makarar ta Maiduguri ta tashi daga 1 cikin 10 zuwa 6 cikin 10.

Rashin yin wannan gwaji yana da tsada. Shaguna biyu a kasuwa ɗaya gobara ɗaya ke cinye su, kamar yadda aka gani a Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016. Bankin da ya ranta wa masu shigo da kaya 50 yana iya zaton ya rarraba haɗari, alhali faɗuwar naira, irin ta 1986 ko ta 2023, gaba ɗaya take taɓa su. A Amurka ma, an raina alaƙar da ke tsakanin basussukan gidaje, sai farashin gidaje ya faɗi, masu bashi suka gaza biya lokaci guda, aka shiga rikicin kuɗi na 2008.

Saboda haka kafin ɗan kasuwa ya ninka alƙaluma, ya fara tambayar kansa: wane abu guda ne zai iya shafar waɗannan harkoki duka? Idan ya samo shi, to lissafin 1 cikin 100 bai hau kansa ba.