Kwamfuta Ba Ta San Ƙuli-ƙuli Ba

'Yan'uwana ɗalibai, a hutun da ya wuce na je gida Tungan Magajiya, na iske iyayenmu mata suna shirin ƙunshe ƙuli-ƙulinsu a leda su riƙa kai wa kantunan Kontagora. To, abincin da aka ƙunshe domin sayarwa, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke lura da shi, kuma tilas a liƙa masa takarda mai faɗin abin da ke ciki. Da ya ke ni ne ɗan makaranta, sai aka ɗora mini lissafin.

Na buɗe wata manhaja a kwamfuta, na rubuta gyaɗa. Nan da nan ta ce cikin giram 100 akwai furotin wajen giram 26, da mai wajen giram 49, da kalori 567. Ina cikin murna sai innata ta ce, "Kai yaro, wane mai? Ba ga shi can a kwalabe mun matse ba?" Kunya ta kama ni, gama lissafin ɗanyar gyaɗa na yi. Da mun liƙa shi, da mun yi wa masu saye ƙarya.

Saboda haka, kafin ka zaɓi manhaja, duba abu uku.

Na ɗaya, ina ta samo alƙalumanta? Da yawa suna dogara da jadawalin Ma'aikatar Gona ta Amurka, inda da wuya ka sami daddawa ko kuka. Amma Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta faɗaɗa shi a 2019. Nemi wadda za ta yarda ka shigar da wannan.

Na biyu, tana lissafa abin da ya ragu wajen aiki? Ba ta san mudu ko ludayi ba, sai giram. Auna kaya a sikeli tun suna ɗanye, auna man da aka matse, sa'an nan auna abin da ya fito daga kasko.

Na uku, takardarta tana jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta? Tana nuna nauyi, da ranar daina amfani, da gargaɗi ga waɗanda jikinsu ba ya son gyaɗa?

Kada kuma ka bar ta ba gwaji. Kowane giram na furotin ko sitaci kalori 4 ne, na mai kuwa 9. Ninka, ka tara, ka gwada da amsarta. In sun yi nisa da juna, akwai kuskure. Inda shakka ta rage, a kai samfuri ɗakin gwaji.

Mu da za mu koyar da yara gobe, mu koya musu tambayar mai aikin kafin tambayar na'ura. Allah ya sa mu gane.