Allurar da babu magani a cikinta

Bayan yankan shinkafar bara wani dattijo daga wajen Barkum ya same ni a wurin aiki, ɗansa na biye da shi, kai a sunkuye. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya zaro kuɗi a ɗaure da kyauro, ya ce, "Likita, buhu biyu na sayar. An ce kuna da wata allurar 'yan Sin da ake tsira wa yaro a kunne, ya tashi ya manta da ƙwaya. A yi masa, ko nawa ce."

Ni ma'aikacin jinya ne a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, amma a wajen mutanenmu duk mai farar riga likita ne, na daina gyara musu. Na ce, "Baba, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Allurar akwai ta, na kuma koye ta, sai dai abin da aka faɗa maka ba ta yin sa." Ya dube ni kamar na ƙwace masa wani abu. Tun daga ranar na amsa irin wannan tambaya ya fi a ƙirga, daga mutanen Bunkure, Kura da Garun Malam, shi ya sa na ga gara in rubuta amsar.

A Bunkure aka haife ni, na san yadda ruwan Tiga ya sauya mana rayuwa. Tun da aka kammala madatsar a 1974, ruwa ya biyo kanal zuwa gonakin Kadawa da kewaye, manomin wannan yanki ya rabu da hutun rani. Shinkafa ta tashi, alkama ko tumatir su shiga, albasa na jiran layinta. Arziki ne, babu mai musu. Amma jikin ɗan ƙwadago ne ke biyan kuɗinsa. Wanda bai taɓa dashen shinkafa ba ba zai gane ba: tun sanyin asuba kana duƙe, ƙafa a cikin laka, har rana ta take. Kuma yawanci jinga ce, iya abin da ka gama iya abin da za ka karɓa. A nan tiramol ya samu ƙofa. Yaron dattijon nan ya ce mini a wajen dashe ya fara, wani abokinsa ya gutsura masa rabi ya ce bayansa zai saki. Bayan ya saki kuwa, ranar ya yi aikin mutum biyu. Shekara uku bayan haka yana haɗiyar mai lamba 225 sau uku a yini, ba don ya yi aikin mutum biyu ba, don dai ya iya tashi daga kan tabarma.

A lura da lambar nan. Tiramol ɗin da hukuma ta amince da shi a Najeriya mai miligiram 50 ne da 100, kuma ko a asibiti ba a so babba ya wuce 400 a yini. Masu 200 da 225 da 250 ta bayan fage suke shigowa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya gano mutum kusan miliyan 14.3 sun sha wani abin maye a shekarar da ta gabace shi, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin suka sha, kuma masu shan abin maye a Kano kaɗai sun haura miliyan ɗaya. A watan Mayun 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, bayan rahoton da BBC ta fitar. Kwalba ta yi tsada, ƙwaya ta cike gurbi.

To mece ce allurar? A Turance akufanca ake ce mata, tsohuwar hanyar magani ce ta ƙasar Sin. Siririya ce ƙwarai, kaurinta bai fi na 'yan silin gashi ba, kuma ba ta da rami. Babu ruwan magani a cikinta ko ɗigo. Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure wa mutanenmu kai, domin mu a wajenmu allura ita ce sarauniyar magani, wanda ya je asibiti bai samu allura ba gani yake ba a duba shi ba. Sau da yawa in na gama tsirawa sai mara lafiya ya tambaye ni, "Likita, ina sirinjin?"

Yadda ta shigo harkar shaye-shaye labari ne mai ban sha'awa. A 1972, wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Hong Kong mai suna Wen yana gwada allurar kunne haɗe da 'yar wutar lantarki don kashe zafin tiyata, sai wani mara lafiya mai shan ofiyom ya ce masa azabar rashin shan ta lafa. Labarin ya isa unguwar Bronx ta birnin New York, inda tun 1970 matasan baƙar fata da 'yan asalin Puerto Rico suka mamaye wani sashe na asibitin Lincoln suka tilasta a buɗe wurin kula da masu shan hodar heroyin. Su suka ɗauki allurar suka mayar da ita ta talakawa, cikinsu har da Mutulu Shakur. Daga baya, ƙarƙashin Dakta Michael Smith, aka tsayar da wurare biyar a kowane kunne, aka kafa ƙungiyar NADA a 1985 don koyar da tsarin. Shi na koya. Ana tsira allurai biyar a fatar kunne, mutum ya zauna a kujera da kayansa a jikinsa, tare da wasu, shiru, na minti 30 zuwa 45, sannan a zare.

Yanzu ga inda masu tallar ta ba sa son a je. An gwada ta gwaji na ilimi, kuma sakamakon bai yi mata daɗi ba. Wani ƙaramin bincike a jami'ar Yale a 2000, mai mutum 82 masu shan hodar ibilis, ya nuna kamar tana taimakawa. Da aka faɗaɗa shi zuwa mutum 620 a wurare shida, aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 2002, sai aka ga babu bambanci tsakanin waɗanda aka tsira wa a wuraren da aka tsara, da waɗanda aka tsira wa a wasu wuraren daban, da waɗanda aka zaunar kawai suna kallon bidiyo mai kwantar da hankali. Fiye da rabinsu ma ba su kai ƙarshen gwajin ba. Masanan Cochrane, waɗanda aikinsu shi ne tattara bincike su tace, sun duba batun a 2006 suka ce babu hujjar cewa allurar kunne tana raba mutum da hodar ibilis. A kan taba sigari ma ba su samu tsayayyiyar hujja ba. Duk wanda ya ce maka zama uku ko bakwai zai wanke jinin ɗanka daga ƙwaya, kuɗinka yake so.

Za a ce, to me ya sa nake yin ta? Saboda abin da nake gani a makon farko. Wanda ya saba da tiramol in ya rage, jikinsa tawaye yake yi: hamma ba ƙaƙƙautawa, majina da hawaye, gudawa, gumi, ciwon gaɓoɓi, ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace. Ga fargaba da saurin fushi. A wannan hali in ka zaunar da yaro ka fara yi masa nasiha, bango kake yi wa. Ya sha nasiha a gida, ya sha a masallaci, ya sha zagi a majalisa. Amma in ka ce masa, "Zauna nan, ba sai ka ce komai ba," ka tsira masa allurai, ka bar shi, sau da yawa kafin minti ashirin kafaɗunsa sun sauka, wani ma har gyangyaɗi. Ko allurar ce ta yi, ko shirun ne, ko kuwa don yau ne karo na farko cikin shekaru da wani ya taɓa shi ba da mari ba, binciken 2002 ya sa ba na rantsuwa a kan ko ɗaya. Abin da na sani shi ne wasu suna dawowa jibi saboda ita, kuma wanda ya dawo shi ake iya yi wa magani. A wajena amfaninta ke nan: igiya ce da ke riƙe mutum kusa da likita, kafin ainihin aikin ya kama.

Ainihin aikin kuwa ba ya gajarta. Likita ya auna mutum, ya san me yake sha da yawansa, domin da wuya ka samu mai shan abu ɗaya: ga tiramol, ga roci ko diyazefam don barci, ga wiwi, wani ya ɗora da gadagi da safe. A rage a hankali bisa tsari, a ba da magungunan da ke sassauta azabar, a duba ko akwai ciwon damuwa a ƙasa, a zauna da iyali. Ina roƙon iyaye su riƙe wannan da kyau: wanda ya daɗe yana shan roci ko diyazefam, in aka yanke masa rana ɗaya, zai iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, har a rasa shi. Shi kuma tiramol yawansa ne ke kawo jijjigar, kuma nan fili ne mai kanal da ruwa ko'ina, wanda ya faɗi a fangali fuska a ƙasa ba ya buƙatar ruwa mai zurfi. Babu allurar kunnen da ke tare wannan. Yaron da ya taɓa jijjiga, ko yake surutai, ko ya ambaci kashe kansa, asibiti za a nufa da shi kai tsaye, Dawanau ko sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano. Hukumar NDLEA ma, ban da kame, tana da masu ba da shawara. Ɗaure mutum da mari kuwa, duk wanda ya ga hotunan waɗanda aka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019 ya san inda wannan hanya take kaiwa.

Akwai wani wuri da allurar ta fi tsayawa da ƙafarta, kuma ya shafe mu: ciwon baya mai daɗewa. A nan hujjar ta fi ƙarfi, ko da yake sauƙin matsakaici ne, har inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka ta fara biyan kuɗinta a 2020. Wannan ba ta kunne ba ce, a jiki ake yin ta, aikin wanda ya yi karatunta sosai ne, kamar wasu likitocin gashi. Na kawo shi ne don yawancin 'yan ƙwadagon da nake gani ta ƙofar ciwon baya suka shiga ƙwaya. In ka raba mutum da tiramol ka mayar da shi gona da bayan nan nasa, ba ka yi komai ba. Masu gonaki ma su ji: wanda ya ba da jingar da ya san mutum ɗaya ba zai gama ta da ƙarfin tuwo ba, ya san da me za a gama ta. Har na ji ana cewa wasu su ke sayo wa yaran. Allah ya sa ƙarya ce.

Mu mutanen ƙaho ne da tsaga da sakiya, ba ma tsoron ƙarfe a fata, kuma wannan rashin tsoron shi ke sa a cuce mu. Ciwon hanta da ƙanjamau ba sa tambaya ko allurar ta Sin ce ko ta wanzami. In za a yi maka, a ɓare sabuwa daga leda a gabanka, a goge kunnen, a jefar da ita bayan an zare. Guringuntsin kunne in ya kamu da ƙwayar cuta wuyar warkewa gare shi, yana iya nakasa kunnen. Mai ciki, da mai shan maganin tsinka jini, da mai ciwon suga su faɗa kafin a taɓa su. Ka tambayi mai yin ta inda ya koya da kuma likitan da yake aiki tare da shi. In ya ce a ajiye maganin asibiti, tashi ka tafi.

Dattijon Barkum bai ji daɗin bayanina ba, amma ya zauna. Likita ya ga yaron, aka tsara masa ragi. Na yi masa allurar kunne sau biyu a mako, kuɗin buhunan ya tafi a mota da magani. A zama na huɗu ne, allurai na kunnensa, ya fara magana da kansa ba wanda ya tambaye shi, ya ce bashin mai kemis ne ya fi hana shi barci, ba ƙwayar ba. Uban bai san da bashin ba. Yaron ya koma sha sau ɗaya a wata na biyu, ya ɓace mana mako uku, sannan ya dawo da ƙafarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Likita, akwai sauran kujera?"

Yanzu wani kawunsa ya sa shi a kan injin casa a Kura, ya bar duƙe. Uban ya kira ni kwanan baya ya ce an saki ruwa, dashe ya matso, abokan yaron sun fara zuwa nemansa, kuɗin jinga kuma ya fi na injin. Na ce ya turo mini shi ranar Talata.