Ƙarar gaban babur in an kama birki

Wani mai sauraronmu ɗan kabu-kabu da ke jigila tsakanin Belbeji da Tanut yana tambaya: me ke sa gaban babur ƙara da zarar ya kama birki?

To malam, ƙarar iri-iri ce. In ƙiiii kake ji, yawanci rairayin Damargu ne ya shige gangar birki. A kwance ƙafar gaba, a share, a goge. Kada ka yarda a ɗiga mai a ciki, ƙarar za ta tafi, birkin ma ya bi ta. In kuwa ƙarfe ke gurzar ƙarfe, lainin ya cinye, sai sabo.

Wadda ta fi damuna ita ce ƙwas guda ɗaya. Kashe injin, damƙe birkin gaba, ɗora yatsa a wuyan babur, ka tura gaba ka ja baya. In wuyan na motsi ƙarƙashin yatsanka, boris ɗinsa ya saki, aikin gargada da lodin buhunan hatsi ne. Makanike ya sa giris, ya ɗaure daidai, ba tamau ba, don kan ya riƙa juyawa. Kafin ka hau hanyar Agadas, a duba notin gatarin gaba ma.