Annabin Da Ya Gaji

Darasi a kan kula da jiki da zuciya
Wurin karatu: 1 Sarakuna 19:1-18

Ko ka taɓa gajiya har ka ji duniya ta ishe ka? Ba gajiyar noma nake nufi ba, wadda barcin dare ɗaya yake kawarwa. Ina nufin gajiyar da takan kama jiki da zuciya gaba ɗaya, abinci ya daina yi maka daɗi, addu'a ta yi nauyi a bakinka. In ka san wannan, ko kuwa akwai wani a gidanku da yake cikinta, to, wannan darasi naka ne.

1. Labarin Iliya

Iliya babban annabi ne. A bisa Dutsen Karmel ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450. Ya yi addu'a, wuta ta sauko daga sama. Ya sāke yin addu'a, ruwa ya sauko bayan fari mai tsawo. A ranar nan kuma ya sheƙa a guje gaban karusar sarki Ahab har garin Yezreyel.

Amma da sarauniya Yezebel ta aiko masa da saƙo cewa za ta kashe shi, sai tsoro ya kama shi. Ya gudu zuwa Biyer-sheba, tafiyar da ta wuce kilomita 150, watau ta fi daga Maradi zuwa Tasawa nisa. Ya bar baransa a can, ya nausa jeji shi kaɗai yini guda. Ya zauna a gindin wani ɗan itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa.

Ka lura da abin da Allah ya yi. Bai tsauta masa ba, bai ce masa bangaskiyarsa ta kāsa ba. Ya bar shi ya yi barci. Sa'an nan mala'ika ya tashe shi, ga gurasa mai zafi da tulun ruwa kusa da kansa. Ya ci, ya sha, ya koma barci. Aka sāke tashinsa ya ƙara ci. Daga nan ya yi tafiya kwana 40 zuwa Dutsen Horeb. Sai a can ne Allah ya yi masa magana a hankali, ya saurari kukansa, ya ba shi sabon aiki, ya kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiyarsa.

Ga abin da nake so ka riƙe. Allah ne ya yi jiki, shi ne ya yi zuciya, ya kuwa ɗaure su wuri ɗaya. In ɗaya ya faɗi yakan ja ɗayan. Domin haka kula da jikinka ba son duniya ba ne, riƙon amana ne. Manzo Bulus ya koya mana a 1 Korintiyawa 6:19-20 cewa jikin mai bi wurin zaman Ruhu Mai Tsarki ne, mu kuwa masu tsaro ne kawai.

2. Abin da ya same ni

Ba zan koya maka abin da ban ɗanɗana ba. Ni tela ne. Sa'ad da nake yaro, da ƙafa nake zuwa makaranta, in na dawo in yi kiwon awaki, da damina in bi mahaifina gona. Da na girma na zauna a kan keken ɗinki daga safe har dare. Na sayi babur, har ya zama ko kasuwa da ke bayan gidana sai na hau shi. In Salla ko Kirsimeti ta gabato nakan kwana ina ɗinki, shayi mai sukari da yawa yana hana ni gyangyaɗi.

Ana nan sai ƙanena ya rasu, 'ya'yansa biyar suka dawo hannuna. Barci ya ƙaurace mini. Na riƙa yi wa matata faɗa ba dalili. Ban gaya wa kowa ba, gama na ce a raina, ni dattijon ikkilisiya ne, yaya za a ji na karaya? Ran wata Lahadi na tashi zan yi karatu a majami'a, sai na ga ƙasa tana juyawa. Aka kai ni asibiti, aka auna jinina, aka ce 18 bisa 11.

Bayan kwana biyu wani tsohon mai bishara ya yi sallama a ƙofata da asuba. Ya ce, "Ƙanena, tashi ka raka ni garka, ƙafata ba ta son tafiya ita kaɗai." Na ce, "Baba, ba ni da ƙarfi." Ya ce, "Ni ma haka. Mu tafi a hankali." Muka taka har bakin gulbi muka komo. Bai yi mini wa'azi ba. A rana ta uku na buɗe baki na gaya masa dukan abin da ke raina, har na yi hawaye. Daga nan sauƙi ya soma. Har yau ina shan maganin da likita ya rubuta mini, har yau kuma ina tafiyar asuba.

Bari mu duba abu huɗu da Allah ya ba Iliya.

3. Abinci da ruwa

Gurasa da ruwa aka kawo wa annabin, ba abincin sarakuna ba. Abin da ƙasarmu take bayarwa yana da albarka: hatsi, dawa, wake, gyaɗa, nono, zogale, yakuwa, kuka, kuɓewa. Abin da yake cutar da mu a gari yanzu shi ne yawan gishiri, da yawan sukari, da yawan mai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum yake ci a yini ya kai giram 5, watau wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Cikin wannan lissafi har da gishirin da ke ɓoye a dunƙulen miya na kanti. 'Yar'uwa, ke da kike riƙe da tukunya, lafiyar gida tana hannunki. Ki rage gishiri kaɗan kaɗan, ki ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa, baki zai saba. Kai kuma mai zaman shayi, ƙidaya sukarin da kake zubawa daga na fari zuwa na uku. Da bazara kuwa, sa'ad da zafi yake wuce awo 40, kada ka jira ƙishirwa ta kama ka kafin ka sha ruwa mai tsabta. Ka tuna da tsofaffi da yara, gama su ba su cika roƙo ba.

4. Barci da hutu

Sau biyu Iliya ya kwanta, Allah bai kira shi rago ba. Yesu kansa ya yi barci cikin jirgi. A Markus 6:31 kuma, da ya ga almajiransa ba su da ko zarafin cin abinci, sai ya janye su gefe domin su huta.

Babban mutum yana bukatar barcin sa'a 7 ko fiye da haka kowane dare. Yau da yawa cikinmu salula ce take cinye darenmu. Ajiye ta nesa da shimfiɗarka. Matasa kuwa, masu kabu-kabu da masu ƙwadago, ina roƙonku, ku rabu da tiramol da sauran ƙwayoyin da ake sha domin kada a ji gajiya. Ba ƙarfi suke ƙara muku ba, muryar jiki suke toshewa. Gajiya ɗan aike ce. Wanda ya kori ɗan aike, mai aiken zai zo da kansa.

A nan ina da magana da maza. Matan ƙauye da yawa ba ƙarin aiki suke bukata ba, hutu suke bukata. Ita ce daka, ita ce ɗiban ruwa, ita ce itace, ga goyo a baya. In kana zaune a inuwa da rani matarka tana jan guga, tashi ka kama mata. Kai ka sami motsa jiki, ita ta sami hutu, Allah kuma ya sami girma a gidanka.

5. Tafiya

Ban ce Allah ya aiki Iliya Horeb domin motsa jiki ba. Amma ka lura, ba a bar shi kwance a gindin itacen nan ba. An tashe shi ya taka. Tun a gonar Aidan, kafin zunubi ya shigo, Allah ya ba mutum aikin hannu (Farawa 2:15). An yi jiki domin motsi. Rijiyar da ba a ɗiba, ruwanta yakan lalace.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum ya yi aƙalla minti 150 a mako yana motsa jiki, irin motsin da yake sa numfashi ya ɗan ƙaru. Minti 30 ke nan a yini, kwana 5 a mako. Yara kuwa minti 60 kowace rana. Yin haka yana rage hatsarin hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Yana kuma sauƙaƙa damuwa, ya kawo barci.

Ba sai kana da kuɗi ba. Ka je majami'a da ƙafa. Ka bar babur in wurin ba nisa. Ka yi ɗan lambu, ka share ƙofar gida, ka yi wasa da jikokinka. Manomi da yake aiki kamar zai mutu da damina, kada ya zauna wata shida a kan tabarma da rani. Ka fita da sanyin safiya ko da yamma, ba da tsakar rana ba. In ka daɗe ba ka motsa ba, fara da minti 10, ka riƙa ƙarawa. In kuwa ƙirjinka ya yi ciwo, ko numfashi ya ɗauke, ko jiri ya ɗebe ka, tsaya, ka nemi likita.

6. Abokin tafiya

Kuskuren Iliya shi ne ya bar baransa ya shiga jeji shi kaɗai. A cikin kaɗaici ya soma gaskata cewa shi ɗaya ya rage. Allah kuwa ya nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su yi wa Ba'al sujada ba. Zuciyar da ta gaji takan yi wa mai ita ƙarya.

Baƙin ciki na kowa ne. Amma in mutum ya yi mako biyu ko fiye, kusan kullum ransa a ɓace, ba ya jin daɗin kome, barci da ci sun lalace, yana ganin kansa ba shi da amfani, wannan ciwo ne, yana kuwa da magani. Kada ka yi saurin cewa aljanu ne, ko kuwa zunubi ya yi. Ka zauna da shi, ka saurare shi, ka yi addu'a tare da shi, ka raka shi wurin ma'aikatan lafiya. In ya ambaci kashe kansa, kada ka yi dariya, kada ka bar shi shi kaɗai. Ka kawar da maganin ƙwari da igiya daga inda yake, ka kai shi asibiti a ranar. Ɗaukar wa juna kaya umarni ne ga masu bi (Galatiyawa 6:2).

7. Shan magani rashin bangaskiya ne?

Wani ɗan'uwa da nake ƙauna ya zubar da maganinsa na hawan jini, ya ce addu'a ta isa. Kafin shekara ta zagayo hannunsa da ƙafarsa na dama suka shanye. Mutum ne mai wa'azi ƙauye ƙauye, yau sai an ɗaga shi. Ba na yi masa shari'a, amma ba na so ka bi sawunsa. Allah da yake da ikon ƙarfafa Iliya da kalma ɗaya, da gurasa ya ƙarfafa shi. Luka wanda ya rubuta Bishara likita ne (Kolosiyawa 4:14). Waɗanda suka kawo mana bishara su ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950, domin sun san addu'a da magani ba abokan gāba ba ne.

Hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba. Awo ne kaɗai yake nuna shi. In an auna ka a ranaku dabam dabam ana samun 14 bisa 9 ko sama da haka, kana bukatar kulawar likita. In an ba ka magani, kada ka bari don ka ji sauƙi.

8. Kalma ta ƙarshe

Ɗan'uwana, kome kulawarka, wannan jiki zai koma ƙasa wata rana. Bulus ya nuna wa Timoti cewa horon jiki yana da nasa amfani, amma tsoron Allah yana da amfani a nan da kuma lahira (1 Timoti 4:8). Akwai nauyin da tafiya da barci ba su saukewa, shi ne nauyin zunubi. Yesu Almasihu ya ɗauki jiki irin namu, ya ji yunwa, ya gaji, ya yi kuka. Ya mutu a kan gicciye saboda zunubanmu, ya tashi a rana ta uku. Yana kiran masu gajiya su zo gare shi. In ba ka karɓe shi ba tukuna, kada ka jinkirta. In kuwa kai nasa ne, to, ka kula da jikin da ya ba ka, domin ka daɗe kana yi masa hidima.

Tambayoyi

1. Me Allah ya fara yi wa Iliya kafin ya yi masa magana?
2. Cikin abu huɗun nan, wanne ka fi sakaci da shi?
3. Yaushe rabonka da auna jininka?
4. Wa ka sani da yake zaune shi kaɗai a gindin itacensa? Wace rana za ka je ka yi masa sallama?

Addu'a

Ya Uba, kai ka yi ni, ka san ƙarfina da kāsawata. Ka gafarta mini sakacin da na yi da jikin da ka ba ni amana. Ka koya mini in ci da godiya, in yi aiki da himma, in huta ba da tsoro ba. Ka buɗe idona in ga ɗan'uwana da ya gaji. Cikin sunan Yesu, amin.