Kayan gyaran jirgin ruwa: yadda ake zaɓensu da ajiye su

1. Kogi da jirgi

Kogin Isa, wanda ake kira Kwara, shi ne babban kogin ƙasarmu. Ya taso daga duwatsun ƙasar Gine. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4200. A cikin Nijar yana tafiyar kusan kilomita 550. Yana bi ta Ayoru, da Tilaberi, da Yamai, da Sayi, ya iso Gaya, sannan ya shiga Najeriya.

A wajen Gaya, kogin ne iyaka tsakanin Nijar da Benin. Mutanen bakin ruwa ba su rabuwa da jirgi. Da shi Sarkawa suke zuwa su. Da shi manoma suke ɗauko shinkafa. Da shi mutanen tsibirin Lete suke zuwa kasuwa, kuma da shi suke kai maras lafiya likita.

To, jirgin katako yana gajiya kamar kowane abu. In katako ya sha ruwa sai ya kumbura. In ya sha rana sai ya tsuke. Yau kumburi, gobe tsukewa, har ƴar kafa ta buɗe tsakanin katako biyu. Ƙusoshi kuma suna yin tsatsa, su saki. Kafar da ba ta kai faɗin yatsa ba tana iya cika jirgi da ruwa a tsakiyar kogi, alhali akwai mutane a ciki. Shi ya sa mai jirgi na kirki yake kula da kayan gyara kamar yadda yake kula da jirgin kansa.

2. Kowane kaya da aikinsa

Ga kayan da masassaƙin jirgi yake aiki da su:

Mita da fensir: da su ake awo, a sa alama kafin a yanka.
Zarto: da shi ake yanka katako.
Gizago: da shi ake sassaƙa, a rage kaurin katako, a daidaita gefensa.
Kurfi: da shi ake cire ruɓaɓɓen wuri, a tura tsumma cikin kafa.
Madoshi: da shi ake huda katako kafin a kafa ƙusa, don kada katakon ya tsage.
Guduma: da ita ake buga ƙusa da kurfi.
Awartaki: da shi ake zare tsohuwar ƙusa.
Magagari da dutsen washi: da su ake wasa kayan da suka dakushe.

Ban da waɗannan akwai abubuwan da suke ƙarewa: ƙusoshi, da tsumman auduga, da kwalta, da igiya.

In jirgi yana yoyo, sai a jawo shi kan tudu. Masassaƙi ya nemo kafar, ya kankare ta, ya bar ta ta bushe. Ya murɗa tsumma, ya tura shi ciki da kurfi yana bugawa a hankali. Daga nan ya shafe wurin da narkakkiyar kwalta. In katakon ya ruɓe, sai ya cire shi ya kafa sabo.

3. Yadda ake zaɓe

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gudumar da kanta ya fice ranar farko ta fi mai tsada tsada, don sai an sake sayen wata. Masassaƙi ba ya sayen kaya da ido kaɗai. Yana ɗauka, ya jujjuya, ya gwada.

Da farko yana duba ƙarfen. Yakan ƙwanƙwasa bakin gizago da wani ƙarfe, ya saurara. Lafiyayyen ƙarfe yana ƙara garau. Wanda ya tsage daga ciki ƙararsa a dushe take. Yakan kuma gwada bakin a kan busasshen itace. In bakin ya lanƙwashe, ƙarfen ya cika taushi. In ya ɓantare, ya cika gautsi. A wurin maƙerin gari ana iya yin wannan gwaji, kuma in kaya ya lalace ana iya mayar masa ya gyara.

Na biyu yana duba ƙota. Ƙota mai kyau ta busasshen itace ce mai ƙwari, kamar aduwa ko marke. Ba ta da tsaga, ba ta da ramin ƙwaro. Ta zauna daram cikin ƙarfen, ba ta girgiɗi. Ɗanyen itace ba ya yin ƙota, don in ya bushe zai tsuke, kan gizago ya fice ya sari na kusa.

Na uku yana duba zarto. Yakan ɗaga shi daidai ido, ya ga ko a miƙe yake. Sannan ya dubi haƙoran. Haƙoran zarto mai kyau ba a jere suke sak ba: ɗaya ya ɗan karkata dama, na bayansa ya karkata hagu. Wannan ne ke sa hanyar yanka ta fi zarton faɗi, kada ya maƙale cikin katako.

Na huɗu yana duba ƙusa. Ƙusar baƙin ƙarfe tana saurin yin tsatsa cikin ruwa. Wadda aka lulluɓe da tutiya, mai launin toka, ta fi daɗewa. Tsawon ƙusa ya kamata ya kai kusan ninki uku na kaurin katakon da za a kafa. In kaurin katako santimita 2 ne, sai a nemi ƙusa mai santimita 6. In tsininta ya ɓullo ta baya, sai a lanƙwasa shi ya koma cikin itace. Hakan yana ƙara riƙo, kuma ba zai soki ƙafar kowa ba.

4. Maƙiyan kayan aiki

Kayan aiki suna da maƙiya uku.

Na farko tsatsa. Tsatsa tana fitowa in ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. Tana cin ƙarfe sannu a hankali har ya rududduge. A bakin kogi danshi ba ya ƙarewa, don haka tsatsa ta fi ɓarna a can.

Na biyu gara. Ita ba ruwanta da ƙarfe, ƙota take ci. Gizagon da aka yar a ƙasa damina guda, sai a tarar da ƙotarsa ta zama holoƙo.

Na uku sakaci. Shi ne babbansu, don shi ke buɗe wa sauran ƙofa.

5. Yadda ake ajiya

In an tashi aiki, kafin a tafi gida, ga abin da ake yi:

A kankare kwalta da laka daga jikin kowane kaya.
A goge shi da busasshen tsumma.
A wasa wanda ya dakushe, don ya kwana a shirye.
A shafa wa ƙarfen ɗan mai. Mai yana hana ruwa da iska taɓa ƙarfe. Amma ban da magagari: shi burushi ake sa masa, don mai yana toshe haƙoransa.
A rufe bakin gizago da na kurfi da guntun fata ko tsohuwar robar taya.

Ƙananan kaya ana sa su cikin akwati mai murfi. A ɗora akwatin kan duwatsu, kada ya taɓa ƙasa. Ƙusoshi kuma a raba su cikin gwangwanaye, dogaye daban, gajeru daban. Zarto rataye shi ake yi, don in an danne shi zai tanƙware. Wasu masassaƙa suna kafa allo a bango, su zana siffar kowane kaya a inda yake rataye. Da an ɗaga kai an san wanda bai dawo ba.

In ƙota ta saki, kada a tsoma ta cikin ruwa. Za ta kumbura ta kama na ɗan lokaci, amma in ta bushe sai ta fi da sakewa. A buga mata ɗan tsinken itace ko na ƙarfe ta sama, ya matse ta.

Igiya a shanya ta a inuwa, sannan a naɗe. Kwalta da man inji a ajiye su nesa da murhu. A waje ake narka kwalta, kuma babba ne yake yi. In ta kama wuta, ba a zuba mata ruwa. Yashi ake zuba mata.

6. Abin da ba ya barin jirgi

Kafa ba ta sallama kafin ta buɗe. Saboda haka akwai kayan da suke bin jirgi duk inda ya tafi: ƙaramar guduma, da kurfi, da wuƙa, da ƴan ƙusoshi, da tsumma, da igiya. Ana sa su cikin bokitin roba mai murfi, a ɗaure shi a jikin jirgi. A ƙara da ƙwaryar kwashe ruwa da filafili na biyu. Kafin a tashi, mai jirgi ya buɗe bokitin ya ƙirga. In ruwa ya fara shiga, wani yana kwashewa, wani yana toshewa, har a kai gaɓa.

Yara, kayan masassaƙi ba abin wasa ba ne. Kada ku taɓa sai da izini. In za ku miƙa wa wani gizago ko wuƙa, ku miƙa ta wajen ƙota. In kun ga ƙusa a ƙasa, ku ɗauke. Wanda ƙusa ta soka, a wanke ciwon da ruwa da sabulu, a kai shi likita ranar. Ƙwayar ciwon tetanos tana zaune cikin ƙasa da ƙazanta, kuma ta irin wannan rauni take shiga jiki.

Mu riƙe

Jirgi yana ɗauke da rayukan mutane. Ana zaɓen kayan gyaransa da gwaji: ƙarfe mai ƙwari, ƙota busasshiya, ƙusa mai tutiya. Ana ajiye su a goge, a wase, a bushe, kowane a wurinsa.

Kalmomi da Faransanci

jirgin ruwa: la pirogue
gizago: l'herminette
zarto: la scie
guduma: le marteau
ƙusa: le clou
ƙota: le manche
tsatsa: la rouille
kwalta: le goudron

Tambayoyi

1. Me ke sa kafa ta buɗe a jikin jirgin katako?
2. Yaya ake gane ƙarfen da ya tsage daga ciki?
3. Don me haƙoran zarto suke karkata dama da hagu?
4. Faɗi maƙiyan kayan aiki guda uku.
5. Waɗanne kaya ne ba su barin jirgi?

Lissafi

1. Kaurin katako santimita 3 ne. Ƙusa mai santimita nawa za a nema?
2. Masassaƙi zai kafa katako 4. Kowane katako yana cin ƙusa 18. Ƙusa nawa zai tanada?

Mu gwada

Ku samo sababbin ƙusoshi 3 na baƙin ƙarfe. Ku ajiye ta farko a busasshen wuri. Ku naɗe ta biyu cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ku shafa wa ta uku mai, ita ma ku naɗe ta cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ku riƙa jiƙa tsummokaran kullum. Bayan kwana 7, ku buɗe ku duba. Ku zana ƙusoshin cikin littafinku, ku rubuta abin da kuka gani a ƙarƙashin kowace.